Sabuwar Hita Amma Ruwa Na Hucewa A Tsakiyar Wanka: Yadda Bokiti Da Agogon Waya Ke Gano Matsalar

Labarin ya saba farawa ne da tsatsa. Tsohuwar hitar da ke maƙale a bangon banɗaki ta shekara da shekaru tana aiki, sai wata rana a ga jan ruwa na ɗiga daga ƙasanta. Mai gida ya kira mai aikin famfo, a je kasuwa a sayo sabuwa fil a kwali, a ɗaura. A watan Oktoba babu mai ƙorafi. Sai hunturu ya kankama, mutum ya shiga wanka da asuba, ya shafe jikinsa da sabulu har ka, sannan ruwan da ya fara da ɗumi ya juye ya koma kamar daga randa aka ɗebo shi.

Daga nan sai a shiga nuna wa juna yatsa. "Alhaji, ai sabuwa ce, a gabanka aka buɗe kwalin," in ji mai aikin famfo. Mai shago kuma ya ce kayansa lafiya lau suke, a koma wa wanda ya ɗaura. Kuɗi dai sun riga sun fita, ga shi an koma dafa ruwan wankan tsohuwa da na jariri a kan gas, kamar ba a taɓa sayen hita ba. Wasu a nan suke yanke shawarar sayo wata, su sake faɗawa ramin da suka fito.

Sau da yawa hitar ba ta da laifin komai. Abin da ya canza shi ne girmanta, ko irinta, ko yadda aka haɗa mata bututu, ko ƙarfin ruwa da wutar da ke isa gare ta. Kuma yanayin yadda ruwan ke hucewa shi kansa yana faɗin inda matsalar take, in an tsaya an auna.

Wacce aka cire, wacce aka saka?

Hitar bango iri biyu ce, kuma wanda ya saba da waya zai gane su nan take. Mai tanki kamar fawa bank take: tana tara zafi a hankali cikin ruwa lita 15, 30, 50 ko fiye, in aka buɗe shawa ta ba da abin da ta tara, in ya ƙare sai a jira ta sake caji. Ɗayar kuma, ƴar siririyar nan da ake kira mai dumamawa nan take, ba ta ajiye komai. Tamkar waya ce da aka cire wa batir aka bar ta a jikin caja: abin da wuta ta ba ta a wannan daƙiƙar shi kaɗai gare ta.

Tun daga Afrilun 2024, lokacin da hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit, masu mitar kati sun ƙara sa ido kan duk abin da ke zuƙar wuta a gida. Don haka idan mai shago ya ce ƙaramar ta fi rage shan wuta, maganar na shiga kunne. Akwai gaskiya a ciki, amma kaɗan ce. Ɗaga zafin lita ɗaya na ruwa da digiri ɗaya yana cin kusan wat 1.16 na awa ɗaya, ko da wace irin na'ura aka dumama shi. Abin da mai dumamawa nan take ke ragewa kawai shi ne zafin da tanki ke asara yayin da ruwa ke zaune ba a amfani da shi.

Awo uku kafin a kira kowa

Ana bukatar bokitin da aka san girmansa, agogon ƙidaya daƙiƙa na waya, da ƙaramin ma'aunin zafi na dijital irin na kicin. Manhajojin da ke iƙirarin auna zafin ruwa ko na ɗaki ba abin dogaro ba ne, domin akasarin wayoyi zafin batirinsu kaɗai suke iya karantawa.

A buɗe shawa yadda aka saba buɗe ta wajen wanka, a tara bokiti mai lita 10, a duba agogo. In ya cika a minti biyu, shawar na zubar da lita 5 a minti ɗaya ke nan. Sai a auna zafin ruwan sanyi da ke saukowa daga tankin sama, a kuma auna shi a lokacin da matsalar ke faruwa, ba da rana tsaka ba. Baƙin tankin roba da ya wuni a rana yakan ba da ruwa mai ɗumi da la'asar, amma bayan ya kwana a iskar Janairu, lokacin da sanyin dare a Kano kan sauka ƙasa da digiri 15, na Jos kuwa ya fi haka, ruwan asuba wani abu ne daban. Awo na uku shi ne ƙarfin wuta. Wanda ke da sitabilaizar firji mai allo zai ga lambar wutar da ke shigowa a jikinta.

Waɗannan lambobi uku a rubuta su a waya tare da lokacin da aka ɗauke su, na kwana biyu ko uku. Sannan duk gyaran da za a yi, a yi ɗaya a gwada kafin a taɓa na biyu. Wanda ya murɗa abu uku a lokaci guda, ko an dace ba zai san wanne ne ya yi magani ba.

Tarkon ƙaramar hita

Ga lissafin da ba a yi wa mai saye a kasuwa. A ninka kilowat ɗin hitar da 14.3, a raba da litar da shawa ke zubarwa a minti ɗaya. Abin da ya fito shi ne digirin da hitar za ta iya ƙara wa ruwan, ba zafin da zai fito ba.

A ɗauki hita mai kilowat 3.5, wadda ta yi yawa a kasuwa. In shawa na zubar da lita 5 a minti, digiri 10 kacal za ta ƙara. A lokacin zafi, ruwan tanki na iya kasancewa a digiri 28, ya fito a 38, kowa ya yaba. A hunturu kuma in ruwan ya shigo a digiri 20, a 30 zai fito, ƙasa da zafin jikin mutum, shi ya sa fata ke jin sa da sanyi. Na'urar ba ta lalace ba tsakanin Oktoba da Disamba. Iyakar ƙarfinta ke nan tun ranar farko, ruwan da ake ba ta ne ya canza.

Sai ga batun wuta, wanda ya fi komai ɓoyuwa. Ƙa'idar wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, amma a unguwannin da taransifoma ta yi wa jama'a kaɗan, ba abin mamaki ba ne a ga allo na nuna 180 da safe ko da magariba, lokacin da kowa ya kunna kayansa. Ƙarfen da ke dumama ruwa ba ya raguwa daidai da raguwar bolt, ninki biyu abin ke taɓa shi. Daga 230 zuwa 200, hita mai kilowat 3.5 ta koma kusan 2.6. A 180 kuwa, kusan 2.1 take bayarwa, wato ta rasa fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta, alhali fitilarta na nan a kunne kamar komai lafiya. Cajar waya ba ta nuna irin wannan, domin an ƙera ta ta yi aiki daga bolt 100 zuwa 240, shi ya sa mutum zai rantse wutar gidansa lafiya take tunda wayarsa na caji.

Dabarar da kowa ke ganowa da kansa ita ce rage famfo, kuma lissafi ya goyi bayanta: a lita 3 a minti, hitar nan mai 3.5 za ta ƙara kusan digiri 17 in wuta ta cika. To amma a nan tarkon yake. Kowace hita irin wannan tana da na'urar da ke jin gudun ruwa, kuma in gudun ya sauka ƙasa da wani mataki, galibi wajen lita biyu a minti gwargwadon samfuri, sai ta yanke wuta da kanta don kada ƙarfen ya ƙone. Mai wanka yana rage famfo yana neman zafi, bai sani ba ya matso bakin wannan iyaka. Sai wani ya buɗe famfon kicin, ko a ja ruwan masai a ɗaya banɗakin, gudun ya faɗi, hitar ta ɗauke, ruwan sanyi ƙarara ya sauko a ka. Bayan ƴan daƙiƙu ta dawo. Duk wanda ruwansa ke tsalle tsakanin zafi da sanyi, a nan ya kamata ya fara dubawa.

Tsarin ruwan gidajen Arewa na ƙara wa abin gishiri. Ba daga babban bututun gwamnati mai matsi ruwa ke zuwa ba, daga tankin sama yake gangarowa, kuma tsayi ne kawai ke tura shi. Sai an samu tazarar mita 10 tsakanin saman ruwan tanki da kan shawa kafin a samu matsin ba ɗaya. Gidan da tankinsa ya ɗara kan shawa da mita uku, kusan kashi uku cikin goma na ba ɗaya yake da shi, kuma yana raguwa yayin da tankin ke yin ƙasa. Banɗakin saman bene ya fi shan wahala. Tsohuwar hita mai tanki ba ta damu da wannan ba, ko ɗigo-ɗigo ruwa ke fita za ta ba da mai zafi. Sabuwar ce ke da sharaɗi.

Kafin a zargi tsayin tanki, a kwance bututun shigar ruwa a duba ƴar rariyar da ke bakinsa. Duk lokacin da aka yi aikin famfo, yashin rijiyar burtsatse, ɓarɓashin tsatsa da guntayen farin tef na tasowa su taru a nan, ko a ramukan kan shawa. Akwai kuma kuskuren da ake yi wajen haɗa koren bututun roba da ake narkawa da ƙarfe mai zafi: in aka bar shi ya narke fiye da kima, robar kan taru a ciki ta rage faɗin hanyar, daga waje kuwa haɗin ya yi kyau tsaf. Alamarsa ita ce famfon sanyi na gudu sosai, na zafi na tsiyaya.

In mai tanki ce

A nan yanayin hucewar daban ne. Ruwan kan fara da zafi sosai, ya riƙa sauka a hankali, kuma ba ya dawowa sai an jira.

Abu na farko shi ne girma. Tanki mai lita 15 da aka dumama zuwa digiri 60, in aka gauraya shi da ruwan digiri 20, zai ba da kusan lita 30 na ruwan wanka mai digiri 40. A shawa mai zubar da lita 6 a minti, minti biyar ke nan a takarda, a zahiri kuma bai kai ba, domin ruwan sanyin da ke shiga yana sirka na ciki. Gidan da ya cire mai lita 50 ya saka mai 15 saboda tsadar kaya bai kamata ya yi mamaki ba in mutum na biyu a layin wanka ya tarar da sanyi. Da ƙarfe mai wat 1,500, ana bukatar kusan rabin awa a dumama lita 15, kusan awa ɗaya ga lita 30, awa ɗaya da rabi ga lita 50, in wuta ta cika. Wannan ma hanyar gwaji ce: in tankin lita 30 cike da ruwan sanyi ya kashe fitilarsa bayan minti ashirin, to an saita maɓallin zafinsa ƙasa. Tsohuwar kuwa wataƙila an daɗe da murɗe ta zuwa ƙarshe.

Kada dai a bar tanki a ɗumi-ɗumi don tsimin yunit. Ƙwayar cutar Legionella, wadda aka gano bayan ɓarkewar ciwon huhu a wani taro a birnin Philadelphia na Amurka a 1976, tana yaɗuwa a ruwan da ke zaune tsakanin digiri 20 zuwa 45, kuma ta tururin shawa take shiga huhu. Shi ya sa ake ba da shawarar ajiye ruwan tanki a digiri 60. Sai dai ruwan digiri 60 na ƙona fata cikin ƴan daƙiƙu, musamman ta yara da tsofaffi, don haka a riƙa fara buɗe na sanyi.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi ban haushi, domin gyaransa bai wuce na minti goma ba, amma yakan sa a yi watsi da hita mai lafiya: juya bututu. Ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi, saboda haka yana taruwa a saman tanki. Hitar tsaye tana da baki biyu a ƙasanta, kuma daga waje kamarsu ɗaya, amma a ciki ba haka ba ne. Mai shuɗin zobe gajere ne, yana sakin ruwan sanyi a gindin tanki a hankali. Mai jan zobe kuwa dogon bututu ne da ya miƙe har sama yana ɗebo mafi zafi. In aka juya su, ruwan sanyi zai bi dogon bututun ya zubo a sama, ya ratsa ta cikin mai zafin yana sirka shi, shawa kuma ta riƙa ja daga gindi, inda ya fi sanyi. Sakamakon shi ne tanki mai lita 50 ya yi aiki kamar mai lita 10.

Yana faruwa ne idan bakunan sabuwar ba su zo daidai da na tsohuwar ba, mai aiki ya haɗa kowane bututu da bakin da ya fi kusa da shi. Gane shi ba ya bukatar sufana. A bar hitar ta gama dumamawa, a buɗe famfon zafi na minti ɗaya, a taɓa bututun biyu a hankali. Na wajen jan zobe ne ya kamata ya yi zafi. In na shuɗin ne, an kama ɓarawon. Irin wannan ɓarnar na faruwa idan aka kwantar da hitar da aka ƙera don tsayuwa, saboda rufin banɗaki ya yi ƙasa: bakin dogon bututun ya daina kasancewa a sama.

Akwai kuma famfon haɗi, wanda ke gauraya zafi da sanyi da hannu ɗaya. In cikinsa ya ci, ruwan sanyi kan tsallaka ya shiga layin zafi, ba ma sai a banɗakin da ake wanka ba, ko na wani ɗakin da ke kan layi ɗaya zai iya jawo haka. A kashe wutar hitar, a rufe bawul ɗin da ke shigar mata da ruwa, a buɗe famfon zafi. Ya kamata ruwan ya tsaya bayan ɗan lokaci. In ya ci gaba da gudu, daga wani wuri sanyi ke kutsowa, sai a bi famfunan haɗin ɗaya bayan ɗaya.

Inda waya da bokiti suka tsaya

Duk abin da ya kai ga buɗe murfin hita ko taɓa waya, aikin mai gyaran wuta ne, kuma a tsaya a kansa ya nuna abu uku. Na farko wayar ƙasa da ke haɗe da gaske, ba wadda aka naɗe aka cusa a bango ba. Na biyu birekar da ke yanke wuta in ta fara zurarewa, mai lamba 30mA a jikinta, tare da maɓallin gwaji. Na uku kaurin wayar. Tsohuwar hita mai wat 1,500 ba ta kai amfiya 7 ba, amma mai kilowat 3.5 tana jan fiye da 15, wato ta wuce ƙarfin soket mai amfiya 13. In aka ɗora ta a kan siririyar wayar da aka gada, wayar za ta yi zafi, bolt ya ƙara faɗuwa kafin ya isa hitar, ruwa ya ƙara hucewa, ga haɗarin gobara a cikin silin. Bawul ɗin kariya na mai tanki kuma, wanda kan ɗiga ruwa yayin dumamawa, aikinsa yake yi. A sa masa ƴar tiyo zuwa magudana, kada a toshe shi.

Ga gidan da lissafi ya nuna cewa ƙaramar hitar ce ta yi kaɗan, zaɓin ba shi da daɗi. Injin ƙara matsin ruwa zai hana ta ɗaukewa, amma ba zai ƙara zafi ko digiri ɗaya ba, hasali ma ruwan da ya fi gudu ya fi fitowa da sanyi. Don a ɗaga ruwa daga digiri 20 zuwa 40 a lita 5 cikin minti, sai an samu kilowat 7, wato kusan amfiya 30, da waya mai kauri ta musamman tun daga allon rarraba wuta. Shi ya sa a Ingila, inda ruwan famfo ke da sanyi, irin waɗannan shawa kan kasance daga kilowat 8.5 zuwa 10.5, kowace da layinta. Ƙaramin janareto ba zai ɗauki wannan ba, inbatar gida ma sai dai ta yi ƙara ta mutu.

A unguwar da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, kuma ba ta cika ƙarfi ba, mai tanki ta fi dacewa da yanayin. Ko bolt ya faɗi za ta kai zafin da aka saita mata, lokaci kawai za ta ƙara ɗauka, kuma in an dumama ta da dare aka ɗauke wuta, ruwan zai kai asuba da sauran zafinsa. Wanda bai shirya sake kashe kuɗi ba kuwa, zai iya cin hunturun bana da ƙaramar: a wanke rariya, a cika tankin sama tun da yamma, a sa kan shawa mai ƙananan ramuka, a daidaita gudun a wajen lita 3 da bokiti da agogo, a yi wa hannun famfon alama da tef a daidai wurin, sannan a roƙi mutanen kicin su ɗan dakata da buɗe famfo har mai wanka ya fito.